Daminar da Ɗakin Hajiya Ya Faɗi Ina Holan

Ina aji uku a jami'a, ina karatun aikin gona, aka liƙa takarda a allon sashenmu cewa wata jami'a a ƙasar Holan za ta ɗauki ɗalibai su yi sati shida suna koyon yadda ake sarrafa ruwa a gona. Lokacin hutun bazararsu ne, wanda ya faɗo tsakiyar daminarmu. Na karanta na wuce, ban sa rai ba. Malaminmu mai koyar da ban ruwa ne ya tare ni a bakin ofishinsa ya ce in cike takardar, in kuwa ban cike ba kada in ƙara gaishe shi. Na cike. Bayan wata biyu sunana ya fito, ni kaɗai daga makarantarmu.

Gidanmu a Ƙofar Sauri yake, tsohon gida ne na gado. Sashen Baba an rushe shi an sake da bulo tun ina firamare, amma ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Hajiya, na ƙasa ne mai rufin azara. Ta hana a taɓa shi. A ciki aka kawo ta tana amarya, a ciki ta haifi 'ya'yanta duka. Ta ce bulo zafi gare shi, kwano kuma hayaniya. Sunanta aka sa mani, shi ya sa Baba ba ya iya faɗin sunana, Uwata yake ce mani, ita kuwa ta ce takwara. A ɗakinta nake kwana tun ina shekara shida, gadona na kallon nata.

Da maganar tafiya ta zo, Baba ya kwana biyu bai amince ba. Mace ita kaɗai, ƙasar Turawa, babu ɗan uwa ko ɗaya. Hajiya ce ta aika aka kira shi. Ina bakin ƙofa ina wanke kofuna na ji ta.

"Ka bar ta ta tahi. Ilimi za ta nema. Mi kake tsoro?"

"Nisa, Hajiya."

"Allahn nan shi ne can."

Shi ke nan maganar.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka akwai wani tsohon magini da ke zuwa ya yi wa ɗakin yaɓe, ya hau sama ya gyara indararo. A shekarar ƙafa ta hana shi fita, kuma masu aikin ƙasa sun yi wuyar samu a cikin gari. Ni kuma hankalina na kan fasfo da biza, yau ina ofishin nan gobe ina motar Abuja. Wata safiya ina share ɗakin na ga tsaga ta sauko daga kusurwar da ke saman gadon Hajiya, siririya kamar zaren lilo. Na faɗa wa Baba yana sa takalmi zai fita. Ya ce zai nemo wani. Ban ƙara tuna mashi ba.

Ranar da zan tafi Hajiya ta ƙulla mani kuka da daddawa da yaji, da dambun nama cike da roba. Dambun bai shiga ƙasar ba. A filin jirgin can wani ma'aikaci ya buɗe robar, ya sunsuna, ya yi mani bayani cikin ladabi cewa ba a shiga da nama. Ina tsaye ya jefa ta cikin wani kwando.

Garin da jami'ar take ƙarami ne, ruwa a kwance cikin magudanai ta ko'ina, shanu baƙi da fari suna kiwo babu mai tsaronsu. Mu ashirin da wani abu ne daga ƙasashe daban-daban. Aka haɗa ni ɗaki da wata yarinya 'yar Indonesiya, Musulma, gajeriya mai yawan dariya. Washegari wata doguwar Baturiya mai kula da mu ta kai mu wata rumfa, ta miƙa wa kowa keke da makulli. Ta ce gonar gwaji tana bayan gari, kullum da keke za mu riƙa zuwa.

Ban taɓa hawa keke ba. A unguwarmu ba a koya wa 'ya mace, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Kowa ya hau ya fara zagaye rumfar. Na tattare hijabina na ɗora ƙafa, keken ya tafi hagu ni na tafi dama. Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Wani ɗan Brazil ya ɗaga ni, Baturiyar ta tambaye ni ko na ji ciwo, na ce a'a, alhali gwiwata na jini a ƙarƙashin zane. Kwana biyu ina tafiya gonar a ƙasa, in isa an ci rabin darasi. A na uku abokiyar ɗakina ta buga bayan kekenta ta ce in zauna. Haka muka yi har ƙarshe, ita tana tuƙi tana haki, ni a baya na riƙe rigarta, na fi ta tsawo da kauri.

A aji ma ban sami sauƙi ba. A makarantarmu ni ce mai ɗaga hannu. A can malamin na magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano, kafin in kama jimla ɗaya ya wuce uku. In na yi tambaya sai ya karkato kunne ya ce in sake. Bayan sati guda na daina tambaya. Abin da nake jira kullum shi ne la'asar ta gida. In na kira wayar Umma, mahaifiyata, sai ta kai wa Hajiya, in ji kukan kaji da ƙarar turmin maƙwabta a bayanta. Hajiya ta tambaye ni ko ina cin abinci, ko da gaske ne rana ba ta faɗuwa da wuri, ko Turawan suna noma gero. Na ce ba su san shi ba. Ta ce to mi suke koya maki.

A sati na uku na kira, Umma ta ce Hajiya na barci. Washegari ta ce tana salla. Rana ta uku ta ce ta tafi Batagarawa gaisuwar rasuwa. Hajiya ta yi shekaru ba ta wuce bakin titi ba, sai in asibiti za a kai ta. Kuma a bayan muryar Umma babu kaji, babu turmi. Ƙarar fanka nake ji, da takun takalma a kan siminti.

"Umma, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Ke dai ki yi karatunki."

"Ina kike yanzu?"

"Ina gida mana. Bari in je, tukunya na wuta."

Da hantsin washegari muna hutun shan shayi na buɗe guruf ɗin 'yan ajinmu na sakandare. Wata ta turo bidiyo ta rubuta cewa ɓarnar ruwa ce a Ƙofar Sauri, Allah ya kyauta. Na danna ba da wani tunani ba. Maza ne da shebur suna kwasar ƙasa, mai ɗaukar yana ta salati. Ya juya wayar sai na ga ƙyaure kore a kwance. Na san ƙyauren, ni na shafa mashi fentin da sallar bara. Gefensa kwanonin jeren Hajiya ne a warwatse cikin laka, da ƙafar gadona ta ƙarfe ta leƙo daga ƙarƙashin azara.

Na fita waje na kira yayana, babban wanmu. Bai ɗauka ba sai a kira na huɗu.

"Yaya, tana da rai?"

Ya ce, "Wa ya faɗa maki?"

"Tana da rai?"

"Tana da rai. Wallahi tana da rai."

Ya ce ruwa aka yi tun asuba har rana ta ɗaga bai tsaya ba. Hajiya ta idar da walaha tana zaune bakin gado rufin ya sauko. Azara ta danne mata ƙugu, ƙashin ya karye. An yi mata aiki, tana asibiti, Umma ce ke jinya. Baba ya tara kowa ya ce duk wanda ya faɗa mani bai yafe ba.

Na zauna a kan ciyawa a bayan ajin. Abokiyar ɗakina ta fito ta same ni, na miƙa mata wayar saboda na kasa haɗa Turancin. Ta kalla, ta zauna kusa da ni ta riƙe mani hannu. Da aka koma darasi ba ta koma ba.

Da yamma na kira Baba. Na gaishe shi yadda aka saba, ya amsa yadda aka saba, har ya tambaye ni ya sanyi. Sannan na ce na ji, kuma ina son in dawo.

"Uwata, in kin dawo me za ki yi? Ke likita ce?"

"Ko ruwa ne in miƙa mata, Baba."

"Akwai masu miƙa mata. Ita ta sa na bar ki kika tafi. In kika dawo babu abin da kika je nema, da wane ido zan dube ta? Ki zauna ki gama."

Ban taɓa yi mashi musu ba, ban san ta inda ake farawa ba. Duk da haka da safe na je ofishin Baturiyar mai kula da mu. Ta saurare ni sosai, ta haɗa mani shayi, ta turo mani kwalin tishu. Ta ce tikitina ba a hannunta yake ba, waɗanda suka ɗauki nauyin shirin ne suka yanka, ranar dawowa a rubuce take. Za ta iya rubuta masu, amma amsa kan ɗauki kwanaki. Ta tambaye ni ko iyalina ne suka ce in dawo. Na ce a'a, sun ce in zauna. Na shanye shayin na yi godiya na fito.

Sati ukun da suka rage ban san yadda zan ba da labarinsu ba, don kusan babu abin da ya faru. Ina tashi, ina zama a bayan keke, ina auna danshin ƙasa da wani ƙarfe mai allo, ina rubuta lamba a takarda. Aka kai mu mu ga wata babbar ganuwa da ta tare teku, da injinan da ke zuƙe ruwa daga gonakin da suka fi teku ƙasa. Malamin ya tsaya a sama iska na kaɗa gashinsa yana bayani, kowa na ɗaukar hoto. Ni ina duba waya ko Yaya ya turo wani abu. Abin da yake turowa bai wuce kalma biyu ba. Da sauƙi. Ta ci. Ta yi barci. Hoto kuwa ya ƙi, ya ce ba za ta so in gan ta haka ba.

Sai bayan kwana tara aka ba Hajiya waya. Muryarta ta ƙanƙance, kamar daga cikin rijiya.

"Takwara."

"Na'am, Hajiya. Sannu. Ya jikin?"

"Jiki ya gode Allah. Ɗakin ne ya gaji, ni ban gaji ba. Kina cin abinci?"

Na ce ina ci. Ta tambaye ni ko na san an kwashe mata kwanoninta, don ta tambayi kowa ana ta ce mata kada ta damu. Na ce an kwashe. Ban sani ba ko an kwashe. Ta ce in na dawo mu wanke su tare mu mayar. Daga nan Umma ta karɓi wayar ta ce Hajiya ta gaji.

A satin ƙarshe kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayanin matsalar ruwa a ƙasarsu. Tun daga gida na shirya nawa a kan noman rani a fadama. Na karanta shi daga takarda ban ɗaga kai ba. Da na gama wata 'yar Kenya ta tambaye ni, to in ruwan ya yi yawa fa, me ke faruwa a garinku. Na ce gidajen ƙasa na faɗuwa. Suna jira in ci gaba, na tattara takarduna. Malamin ya ce an gode, aka tafa, na koma kujerata. Ranar Juma'a aka ba mu takardar shaida, aka ɗauki hoto. Ina cikin hoton daga gefe, ina murmushi kamar kowa.

Jirgi ya sauke ni Kano, Yaya ya ɗauko ni a mota. Hanya duk kore, gero ya fi mutum tsawo. Na ce ya fara kai ni gida. Inda ɗakin yake sai tulin jar ƙasa, har ciyawa ta fara tsirowa a kai. An jingine azarorin a bango. Kwanonin suna cikin buhu a ɗakin girki, da lakarsu a bushe, wasu sun lotse. Littattafaina da ke ƙarƙashin gado sun manne sun zama curi ɗaya.

Hajiya tana unguwar Kambarawa, gidan Baffa, ƙanin Baba. Can aka wuce da ita daga asibiti. Gida ne mai katanga doguwa da get, ɗakin da aka ba ta da tayil da banɗaki a ciki. Matar Baffa na kula da ita iyakar ƙoƙari, tana juya ta, tana dama mata kunu, ba ta taɓa ɗaure fuska ba. Na shiga na same ta kwance ta fuskanci bango. Ta rage kamar rabinta. Da ta ji sallamata ta juyo da kai, ta miƙo hannu ta shafa fuskata.

"Ba su ba ki abinci ba," in ji ta.

A Ƙofar Sauri ɗakin Hajiya ba ya rabuwa da mutane. Mai zuwa aron rariya, mai kawo ƙarar miji, mai neman a duba mata jariri, tsofaffin ƙawayenta da ke zama har azahar suna ɓarar gyaɗa. A Kambarawa sai a wuni ba a buga get ba. Ƙawayen sun zo sau ɗaya a Keke Napep, suka zauna a takure a kan kujerun falo, ba su ƙara dawowa ba. Su ma ƙafafun sun gaji.

Kwana uku da dawowata, matar Baffa ta fita ɗakin, Hajiya ta jawo hannuna.

"Takwara, ki yi mani abu guda. Ki ce ma ubanki ya maida ni gida."

"Hajiya, ɗakin ai babu."

"Ko a zaure ne a shimfiɗa mani. Na faɗa mashi, na faɗa ma Baffanki, sun maida ni yarinya. Ke kin je ƙasar masu ilimi kin dawo, kuma ke uwarsa ce. Zai ji taki."

Na sami Baba bayan la'asar a zaure yana zaune kan buzu, rediyo a gefe. Na durƙusa na faɗi saƙon yadda aka ba ni. Ya kashe rediyon.

Ya ce likita ya ce ba za ta ƙara takawa ba. Tana buƙatar keken marasa lafiya, da daɓe mai santsi, da banɗakin zama. Lungunmu mota ba ta shiga, ranar da abin ya faru a kan ƙyaure aka ɗauke ta har bakin titi cikin ruwa. Ya ce zai gina mata ɗaki na bulo a wurin, a hankali, amma na ƙasa ba zai sake ba ko da ita ce ta ce.

"Baba, can ɗin ba ta da kowa. Bango take kallo."

"Na sani."

"Ko na sati guda ne a kawo ta."

"Uwata, ni na tono ta. Da hannuna, don na ji tsoron shebur ya same ta." Ya dubi tafin hannunsa. "Kin faɗa mani zancen tsagar nan. Ban manta ba."

Na so in ce ni ma ban ƙara tuna mashi ba, laifin namu ne mu biyu. Ban ce ba. Wani maƙwabci ya yi sallama, na tashi na shiga ciki.

Na koma na ce wa Hajiya ya ce sai bayan damina. Ta ƙirga watanni da yatsu ta ce ba nisa. Da damina ta wuce aka kwashe ƙasar, aka zuba harsashi, na ce mata sai an gama gini. Ginin ya kai taga ya tsaya, ya ɗan motsa, ya sake tsayawa. A makaranta kuma aka sa ni in tsaya gaban 'yan aji ɗaya da biyu in ba su labarin tafiyata. Na nuna masu hotunan ganuwa da injina da shanu. Malamina na ban ruwa na zaune a gaba yana gyaɗa kai, ya ji daɗi ƙwarai.

Duk Asabar nake zuwa Kambarawa. In shafa mata man zafi a ƙafafu, in yanke mata farce, in tsefe mata ɗan gashin da ya rage in kitsa shi gida biyu. Wajen tsakiyar rani ta daina tambayar gini. Sai dai ta tambaye ni wa ya haihu a unguwa, wa ya rasu, 'yar wa aka sa wa rana, ko mai ƙosan bakin masallaci ta warke. Na koma kafin in fito sai in zauna da Umma in tattara labarai, har ina rubutawa a waya don kada in manta. In na faɗa mata ta lumshe ido tana saurare, wani lokaci ta gyara mani dangantaka, ta ce a'a, wannan jikar ƙanwarsa ce, ba 'yarsa ba.

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, kafin ruwan shekarar ya sauka. Ina ɗakin jarrabawa, wayata a kashe cikin jaka a bakin ƙofa. Da na fito na kunna na ga kiran Yaya a jere. Kafin in sami abin hawa in isa Kambarawa an riga an fita da ita. Na tarar da get a buɗe, tsakar gida cike da mata. Matar Baffa ta matsa mani a gefen tabarma, na cire takalmi na zauna.